Bashin haraji ya taru mini, wa zan nema ya taimake ni?

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kasuwanci wanda ya durƙushe shekara uku da suka wuce, kuma tun daga lokacin ban sake cike takardar haraji ba, ban kuma biya komai ba. Wasiƙun hukumar haraji suna ta zuwa, wasu ko buɗe su ban yi ba saboda fargaba. Ta ƙarshe da na buɗe ta nuna adadin da ya kusan ninka abin da nake zato, har an ambaci taɓa asusuna na banki. Yanzu na samu aikin albashi, amma ba ni da halin biyan wannan kuɗi gaba ɗaya. Na ga tallan wani kamfani da ya ce zai sa a yafe mini mafi yawan bashin idan na fara biyan su kuɗin aiki. Shin in ba su? Idan ba su ba, wa zan nema, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya yaye maka wannan damuwa. Yadda na karanta saƙonka, abubuwa uku ne suka cakuɗe maka wuri guda: shekarun da ba ka bayyana wa hukuma kuɗin shigarka ba, adadin da aka ɗora maka wanda ba ka san ta inda ya fito ba, sai kuma kamfanin da ke neman kuɗinka tun bai ga ko takarda ɗaya daga cikin takardunka ba. Na ukun ya fi sauƙin amsawa: kada ka ba su ko sisi a yanzu. Dalilin zai fito fili idan mun bi na farko da na biyu, domin babu mahaluƙin da zai iya gaya maka nawa za a rage maka alhali ba a ma tabbatar da nawa ake bin ka ba.

Ba ka ambaci ƙasar da kake zaune ba, kuma kowace ƙasa da dokarta ta haraji, da wa'adinta, da sunayen da take ba shirye-shiryenta. Sai dai a aikina na akanta mai taya mutane daidaita lamarinsu da hukumar haraji, abin da na lura da shi shi ne ginshiƙan kusan ɗaya ne ko'ina. Hukuma tana son ka bayyana abin da ka samu, tana son kuɗinta ko da a hankali ne, kuma ta fi tsananta wa wanda ya yi shiru fiye da wanda ya zo da ƙafarsa ya ce ba shi da hali. Zan riƙa kawo misalai daga ƙasashe daban-daban don ka ga yadda abin yake a aikace, kai kuma sai ka nemi kwatankwacinsa a inda kake.

Abin da ya kumbura adadin

Bashin haraji hawa uku ne: asalin harajin, da tara, da kuɗin ruwa. Mutane sukan kalli jimlar da ke ƙasan wasiƙa gabansu ya faɗi, ba sa tambayar nawa ne rabon kowane hawa, alhali a nan maganar take. Asalin haraji da wuya a taɓa shi idan lissafinsa daidai ne. Tara kuwa ana yawan rage ta, wani lokaci ma a janye ta gaba ɗaya. Kuɗin ruwa yawancin hukumomi ba sa yafe shi haka kawai, amma yana sauka da kansa duk lokacin da aka rage abin da ake lissafa shi a kai.

Ita tarar ma iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya cuci mutane da dama. Tarar rashin cike takarda daban, tarar rashin biya daban. A Amurka, hukumar harajin ƙasar, wato IRS, tana cin wanda bai cike takarda ba tarar kashi 5 cikin 100 na harajin da ake bin sa a kowane wata, har ta kai kashi 25. Wanda ya cike amma bai biya ba, kashi 0.5 cikin 100 ne a wata. Ka ɗauki mutum biyu, kowannensu ana bin sa dala 10,000, kuma dukansu aljihu babu komai. Na farko ya cike takardarsa a kan lokaci, ya miƙa ta ba tare da ko dala ɗaya ba. Na biyu ya ce tunda ba shi da abin biya, me zai kai shi cike takarda. Bayan wata biyar, tarar na farko dala 250 ce, ta na biyu kuwa 2,500, ban da kuɗin ruwa da ke hawa kan su duka biyun. A Birtaniya, a tsarin da hukumar harajin ƙasar, wato HMRC, ta daɗe tana bi, da zarar ranar miƙa takarda ta wuce an ci ka fam 100, ko da ba a bin ka harajin komai, idan kuma aka yi wata uku sai a fara lissafa maka fam 10 kowace rana har tsawon kwana 90.

Akwai kuma wani abu da nake kyautata zaton shi ne ya same ka. Idan mutum ya daina cike takarda, hukuma ba ta zama ta naɗe hannu. Sai ta yi masa ƙiyasi da kanta. Ita ba ta san kasuwancinka ya mutu ba. Abin da ke gabanta shi ne cinikin shekarunka na baya, ko bayanan da banki da waɗanda suka biya ka kuɗi suka aika mata, kuma a irin wannan ƙiyasi ba a cika cire maka kuɗin haya da na kaya da na ma'aikata ba, tunda ba ka kawo shaidarsu ba. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini irin wannan takarda yana rantsuwa bai taɓa riƙe rabin kuɗin da aka ce ya samu ba. Muka baza bayanan bankinsa a kan tebur, muna bi layi-layi da jan biro. Rancen da yayansa ya turo masa an lissafa shi a matsayin ciniki. Kuɗin da ya riƙa juyawa tsakanin asusunsa biyu an ƙidaya su sau biyu. Har kuɗin da dillali ya mayar masa saboda kayan da suka lalace sun shiga cikin riba. Da muka haɗa shaidar kowane layi muka miƙa, asalin harajin ya sauko sosai, tara da kuɗin ruwa suka biyo shi ƙasa, ba tare da an roƙi kowa alfarma ba. Saboda haka adadin da ya firgita ka mai yiwuwa ba shi ne bashinka na gaskiya ba.

Wasiƙun da ba ka buɗe ba

Ka buɗe su yau, dukansu. Na san nauyin da ke cikin wannan magana, don na sha ganin mutane masu hankali da ƙwazo sun zo da leda cike da ambulan a rufe, hannunsu na rawa. Idan ba za ka iya kai kaɗai ba, ka kira wanda ka amince da shi ya zauna kusa da kai. Ka jera su bisa kwanan wata, sannan daga kowace ka fitar da abu huɗu a kan farar takarda: wace shekara ake magana a kai, wane irin haraji ne, nawa ne, kuma wace rana ce ta ƙarshe da aka ba ka ka amsa.

Wannan ranar ta ƙarshe ta fi komai muhimmanci, domin haƙƙinka na cewa ba ka yarda ba yana da wa'adi. A Najeriya kwana 30 ne ake ba mutum ya rubuta ƙin amincewarsa da ƙiyasin da aka yi masa, idan ya wuce ba tare da ya ce uffan ba, adadin ya tabbata a kansa. A Birtaniya ma kwana 30 ne ga yawancin hukunce-hukuncen HMRC. A Amurka akwai wasiƙar da ke ba da kwana 90 a kai ƙara kotun haraji, akwai kuma gargaɗin ƙarshe kafin a taɓa dukiya, wanda ke ba da kwana 30 a nemi zaman sauraro. Idan ka tarar wa'adin wasu ya riga ya wuce, kada ka yanke ƙauna, sau da yawa akwai wata hanyar, ko dai ta neman a karɓi ƙorafi a makare bisa uzuri, ko ta miƙa takardar gaskiya don ta maye gurbin ƙiyasin. Amma wadda wa'adinta bai cika ba ita za ka fara da ita.

Wasiƙar da ta ambaci asusunka na banki kada ka ɗauke ta a matsayin barazana kawai. A ƙasashe da yawa doka ta ba hukumar haraji ikon umartar banki, ko wurin aikinka, su cire kuɗi su miƙa mata ba sai ta je kotu ba, kuma yanzu da kake da albashi ka fi sauƙin kamawa fiye da bara. Ka tuntuɓe su cikin makon nan, ko da ba ka gama haɗa komai ba. Abin da za ka faɗa gajere ne: ka karɓi wasiƙa mai lamba kaza, kasuwancinka ya tsaya tun shekara kaza, kana shirya takardun da suka rage, kana neman a dakatar da matakin karɓa zuwa rana kaza, kuma kana son a ba ka cikakken bayanin asusunka na haraji, shekara-shekara, an ware asali da tara da kuɗin ruwa. Ka rubuta sunan jami'in da ka yi magana da shi, da rana, da lambar da ya ba ka, sannan ka bi bayan maganar da rubutacciyar wasiƙa. Ka kuma nemi lambar wayar hukumar daga shafinta na hukuma, kada ka kira lambar da ta zo a saƙon waya, domin 'yan damfara sun ƙware wajen kwaikwayon wasiƙun haraji, sun san mai bashi a tsorace yake.

Bayan haka sai cike takardun shekaru ukun nan. Babu hukumar da za ta zauna da kai maganar sassauci alhali akwai shekarun da ba ka bayyana ba. Idan rasidai sun ɓace, ana iya sake gina lissafi daga bayanan banki, da takardun waɗanda ka sayi kaya a wurinsu, da yarjejeniyar haya, har da saƙonnin ciniki da ke cikin wayarka. Shekarar da ka yi asara ita ma a cike ta, don sau da yawa babu harajin riba a kanta, kuma a wasu dokokin ana iya ɗaukar asarar a rage harajin wata shekarar da ita. Ka kuma sanar da su a rubuce cewa kasuwancin ya rufe, in ba haka ba za su ci gaba da jiran takarda a kowace shekara, tara na ƙaruwa a kan shagon da babu shi. Abu ɗaya nake roƙon ka a nan: ka rubuta gaskiya ko da za ta yi maka ɗaci. Kasa biyan haraji bashi ne, ana zama a warware shi. Rubuta ƙarya a takardar haraji kuwa laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Hanyoyin da ake bi a warware

Wadda mafi yawan mutane ke ƙarewa a kanta ita ce biya kashi-kashi, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da mai albashi irinka. A Amurka wanda bashinsa bai wuce dala 50,000 ba yana iya neman wannan tsari ta intanet da kansa, akwai kuma gajeren wa'adi na kwana 180 ga wanda ke sa ran samun kuɗi nan kusa. A Birtaniya mai bashin da bai wuce fam 30,000 ba shi ma yana iya tsara biyansa ta intanet idan ya cika sharuɗɗan. Inda babu irin wannan, ana rubuta wasiƙa ne a nema, a haɗa da bayanin samu da kashewa.

A wajen faɗin nawa za ka iya biya duk wata ne mutane ke jefa kansu cikin matsala. Mutum yana zaune gaban jami'i, kunya da tsoro sun rufe shi, sai ya ambaci adadin da zai faranta wa jami'in rai, bayan wata uku ya kasa, yarjejeniya ta rushe, a dawo masa da matakin karɓa da ƙarfi, kuma a karo na biyu ba a cika saurarensa da sauƙi ba. Abin da nake sa mutane su yi shi ne su ɗauko bayanan banki na wata shida, su fitar da abin da ke shigowa da abin da dole ya fita: muhalli, abinci, magani, makarantar yara, zuwa wurin aiki. Sannan su dubi watan da ya fi kowanne tsanani a cikin shidan, abin da ya rage a wannan watan shi ne adadin da za su yi alkawari. Idan wata ya yi albarka sai a ƙara a kai, babu hukumar da ke ƙin karɓar ƙari. Ka sani kuɗin ruwa ba ya tsayawa don an yi yarjejeniya, saboda haka duk abin da ka samu ka fara turawa tun kafin a amince, kana rubuta shekarar da kake biya wa. Kuma sharaɗin da ke cikin kusan kowace irin wannan yarjejeniya shi ne kada ka sake makara a harajin da ke tafe.

Neman janye tara shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali bai wuce wasiƙa da shaida ba. Hukumomi suna karɓar uzuri mai ma'ana: rashin lafiya mai tsanani, rasuwar makusanci, gobara ko ambaliya da ta cinye takardu. Cewa kawai ba ka da kuɗi ba a cika karɓar sa uzuri ba, sai dai abin da ya jawo rashin kuɗin yana iya zama uzuri idan ba da sakacinka ya faru ba. Ranakun da ke kan shaidarka su ne ke ba wasiƙar ƙarfi: takardar asibiti da ta nuna an kwantar da kai daidai lokacin da ya kamata ka miƙa takarda ta fi shafi uku na roƙo. IRS tana da wani sassauci ma da ba ya buƙatar uzuri, ga wanda shekarunsa uku na baya ba su da tabo, amma shekara ɗaya yake shafa. Idan kafin durƙushewar kasuwancin kana biya a kan lokaci, ka ambaci haka a fili, don tarihi mai kyau yana da nauyi a ko'ina.

Sai kuma sulhu a kan ƙasa da abin da ake bin mutum, wanda shi ne abin da kamfanin nan ke tallatawa. Gaskiya ne akwai shi a wasu ƙasashe. A Amurka ana neman sa da fom mai lamba 656, a Afirka ta Kudu ma dokar gudanar da haraji ta 2011 ta ba hukumar harajin ƙasar, wato SARS, damar yin sa. Amma ba ciniki ba ne da za a ce wanda ya fi iya baki shi ke samun rangwame. Lissafi ne: a haɗa darajar abin da ka mallaka, gida da mota da ajiya, da abin da ake ganin zai rage daga samunka nan gaba bayan an cire buƙatun dole. Idan jimlar ta kai bashin, yawanci ba za a karɓi tayinka ba, ko wane ne ya rubuta maka shi. Idan ba ta kai ba, za ka iya cancanta ko da kai ka cike fom ɗin da hannunka. A Amurka sai ka cike duk takardun baya kafin a duba tayin, kuma idan an amince, sai ka yi shekara biyar kana cikewa kana biya a kan lokaci, in ka saɓa bashin ya dawo. IRS da kanta ta sha sanya kamfanonin da ke tallan wannan sulhu da alkawuran ƙarya cikin jerin damfarar da take gargaɗin jama'a a kai duk shekara. Mai albashin da ke shigowa duk wata, kamar yadda kake yanzu, sau da yawa lissafin ba ya faɗa masa yadda tallan ke nunawa.

Wanda biyan ko kaɗan zai hana shi ciyar da iyalinsa yana iya neman a dakatar da karɓa har hali ya samu. Bashin yana nan, kuɗin ruwa na tafiya, amma an bar shi ya numfasa. Gwamnatoci kuma kan buɗe ƙofar afuwa lokaci-lokaci. Najeriya ta yi shirin VAIDS daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018, Kenya ta yi nata a ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2023, kuma a duka biyun tara da kuɗin ruwa aka yafe, asalin harajin sai da aka biya. Idan akwai irinsa a buɗe a inda kake, ka shiga, amma kada ka zauna jiran sa. Shirye-shiryen bayyana kai don raɗin kai, irin na Afirka ta Kudu, an gina su ne don wanda ya zo tun hukuma ba ta neme shi ba, kai kuwa wasiƙu sun riga sun iso, don haka sai an duba ko ƙofar tana nan. Haka ma batun cewa bashi yana mutuwa idan ya daɗe: a Amurka shekara 10 ne daga ranar da aka tabbatar da harajin, amma abubuwa da dama suna tsayar da ƙidayar, kuma a cikin shekarun ana iya taɓa albashi da asusu. Ban taɓa ba wani shawarar ya dogara da wannan ba.

Game da cin bashi don a biya haraji, sai ka kwatanta ruwan da mai ba da rancen zai ɗora maka da wanda hukuma ke ɗorawa. Sau da yawa na hukuma ya fi sauƙi. Jinginar da gidan da iyali ke ciki don a rufe bakin hukumar da a shirye take ta karɓa kashi-kashi, wannan garin neman gira ne a rasa ido.

Wa za ka nema

Idan harajinka na kanka ne kawai, lissafin kuma ba mai sarƙaƙiya ba, babban ɓangaren aikin nan za ka iya yin sa kai da hukumar, ba tare da ka biya kowa ba. Akwai kuma taimako na kyauta da mutane ba su sani ba. A Amurka akwai Taxpayer Advocate Service, ofishi mai zaman kansa a cikin IRS da ke shiga tsakani idan mataki zai jefa mutum cikin ƙunci, da cibiyoyin da ke wakiltar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Birtaniya akwai ƙungiyar agaji ta TaxAid. A Afirka ta Kudu akwai ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji tun 2013. Ka bincika ko ƙasarka tana da irin waɗannan, ka kuma tambayi ƙungiyar akantoci ko ta lauyoyi ko suna da masu taimakon marasa hali.

A halin da ka bayyana, shekara uku ba takarda ga kuma ƙiyasi da ake son a rushe, ina ganin ya dace ka ɗauki akanta ko ƙwararren mai ba da shawara kan haraji, aƙalla don sake gina lissafin da rubuta ƙorafin. Ka nemi wanda ke da rajista da ƙungiyar ƙwararru da doka ta sani, ka duba sunansa a rajistar da kanka. Mai aikin gaskiya ana gane shi tun zaman farko: shi ne zai yi ta tambayarka, ya nemi wasiƙun, ya nemi bayanan banki, kuma idan ka matsa masa ya faɗi nawa za a rage, zai ce sai ya ga takardu. Kuɗin aikinsa zai rubuta maka shi mataki-mataki, nawa ne na cike takardu, nawa ne na ƙorafi, nawa ne na zaman sulhu, kuma za ka san sunan mutumin da zai riƙe fayil ɗinka.

Shi kuwa kamfanin da ka gani, idan har kana son ka gwada su, ka yi musu tambaya uku. Wane ne a cikinsu mai lasisin wakiltar mutane a gaban hukuma, kuma mece ce lambar rajistarsa? A kan wane lissafi suka ce ka cancanci rangwame alhali ba su ga samunka da kadararka ba? Idan hukuma ta ƙi tayin, nawa za su mayar maka, kuma za su sa hannu a kan haka? Irin mutanen da suka zo wurina bayan sun bi ta hannun waɗannan kamfanoni labarinsu kusan iri ɗaya ne: an karɓi kuɗi mai kauri, an ce su daina amsa wasiƙun hukuma tunda yanzu akwai mai magana da yawunsu, watanni sun shuɗe, wa'adin ƙorafi ya wuce, kuma kuɗin da aka biya kamfanin da an tura wa hukuma da ya rage bashin. Akwai wani nau'in da ya fi wannan haɗari, wato mai cewa ya san wani a ciki da zai goge sunanka daga kwamfuta idan ka ba da wani abu. Bashin ba ya goguwa, rasidin da za a ba ka na jabu ne, kuma ka ƙara wa kanka laifin ba da cin hanci.

Ko wa ka ɗauka, kuɗin haraji ka biya shi kai tsaye a asusun hukuma, ka riƙe rasidin. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, kada ka miƙa asalin takardunka ba tare da ka riƙe kwafi ba, kuma ko ka ba wani izinin wakiltarka a rubuce, ka ci gaba da buɗe duk wasiƙar da ta zo. Abin da aka rubuta a takardar da ke ɗauke da sa hannunka kai za a tambaya, ba wanda ya cike maka ba.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga takardunka ba, don haka ba zan iya ce maka ga hanyar da za ta ɓulle maka tabbas ba, kuma akwai abu biyu da idan suna cikin lamarinka sun canja komai. Na farko, idan kasuwancin yana da ma'aikata kuma an cire haraji daga albashinsu ba a miƙa ba, ko an karɓi harajin VAT daga hannun masu saye aka kashe shi a cikin hidimar shago. Hukumomi ba sa kallon wannan a matsayin bashinka, suna kallon sa a matsayin amanar da ka riƙe musu, sassauci a kansa kaɗan ne, kuma a wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, ana iya bin mai kamfani shi kansa ko da kamfanin ya rufe. Idan akwai irin wannan, shi za ka fara biya, kuma ka faɗa wa mai taimakonka tun ranar farko.

Na biyu, idan a shekarun da kake cike takarda akwai kuɗin da ka ɓoye da gangan, ko rasidin da aka ƙirƙira, ko kuma wata daga cikin wasiƙun nan ta ambaci binciken laifi. A wannan hali lauya mai aikin haraji za ka fara gani, kafin akanta, kafin ka ce wa hukuma komai game da shekarun. Abin da ka gaya wa lauyanka doka tana kare sirrinsa, abin da ka gaya wa akanta kuwa a ƙasashe da yawa ba shi da wannan kariyar, ana iya kiran sa ya ba da shaida. Lauyan ne zai tsara yadda za a bayyana gaskiyar da lokacin da za a bayyana ta, kuma idan ana buƙatar lissafi, shi zai ɗauko akantan ya yi aiki a ƙarƙashinsa.